Ikarus ya faɗo, amma wa ya ƙera fuka-fukan?

Idan aka ba ɗaliban ƙaramar sakandare labarin Ikarus, yaron da ubansa ya ƙera masa fuka-fukai ya tashi sama ya faɗo teku, aka ce su fitar da darasinsa, amsar kan zo tun malam bai rufe baki ba: yaro ya ƙi jin maganar ubansa, ya halaka. Wani ma zai ƙara da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Amsar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta yi saurin zuwa. Wanda ya bayar da ita ba ya buƙatar ya karanta labarin da kyau, domin amsa ce da za ta shiga labarai ɗari ta zauna daram. Nazarin adabi yana farawa ne lokacin da ka koma kan rubutun ka tambayi kanka: me marubucin ya tsaya a kai, me ya wuce da sauri, me ya sa a gaba, me ya ɓoye sai daga baya? In aka yi wa wannan labari irin waɗannan tambayoyi, sai a ga uban ne ya kamata a sa wa ido fiye da ɗan.

Labarin na Girkawan dā ne, mutanen da suke bautar alloli da yawa, kuma a yau ana karanta shi a matsayin adabi. Ya bambanta da tatsuniyoyinmu na Gizo da Ƙoƙi ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Mai tatsuniya yana buɗewa da “ga ta nan ga ta nanku”, ya rufe da “ƙurunƙus”, kowa ya san an shiga duniyar ƙirƙira an fito. Su kuwa Girkawa sun ɗaure labaransu a jikin wurare na zahiri. Tsibirin Kirit yana nan a Bahar Rum. Birnin Atens shi ne babban birnin Girka har gobe. Akwai tsibiri mai suna Ikariya a tekun Ejiyan, kusa da Samos, kuma mutanen dā sun ce daga wannan yaro ya samo sunansa. A Kirit, wani Bature ɗan Ingila mai suna Arthur Evans ya fara haƙa a Kinosos a shekarar 1900, ya tono wata tsohuwar fada mai ɗakuna da lunguna barjat, har wasu suka ce ƙila irinta ce ta haifar da labarin gidan ɓata da za mu zo kansa.

Dedalus, uban Ikarus, mutumin Atens ne, maƙeri, magini, kuma masassaƙi wanda ba a taɓa ganin irinsa ba. Ya bar garinsu ya koma Kirit wurin Sarki Minos. A can ya taimaka wa matar sarkin cikin wani al'amari na abin kunya, wanda sakamakonsa shi ne haihuwar Minoto, dodo mai jikin mutum da kan bijimi. Don a ɓoye dodon, Minos ya sa Dedalus ya gina gidan ɓata, gini mai hanyoyi a murɗe wanda duk wanda ya shiga ba ya gane hanyar fita. Mutanen Atens suna aiko da samari 7 da 'yan mata 7 a matsayin gandu, a tura su ciki dodon ya cinye. Da jarumi Tisiyus ya zo cikin waɗanda aka aiko, 'yar sarki Ariyadni ta kamu da sonsa, sai Dedalus ya ba ta dabarar zare: a ɗaure bakinsa a ƙofa, a riƙa warwarewa ana shiga, a bi shi a fito. Tisiyus ya kashe dodon ya tsere da yarinyar. Minos ya fusata ya tsare Dedalus da ɗansa.

Ku lura da sarƙar nan tun kafin a zo batun tashi sama. Dabarar farko ta haifi dodo, dodon ya sa aka buƙaci gidan ɓata, gidan ɓata ya sa aka buƙaci zare, zaren ya jawo ɗauri. Duk matsalar da Dedalus ya warware da basirarsa, warwarar ce ke haifar da ta gaba, kuma ba a taɓa jin ya tsaya ya tambayi wanda ya zo masa da buƙata ko abin da yake nema ya dace. Shi dai a kawo masa abin da ya gagara. Fuka-fukan su ne dabara ta huɗu a jerin, kuma mai karatun da ya ga yadda ukun farko suka ƙare yana da dalilin jin faɗuwar gaba.

Siffar labarin da duniya ta fi sani ta fito ne daga alƙalamin Obid, mawaƙin Romawa da aka haifa a shekara ta 43 kafin miladiyya. Ya rubuta doguwar waƙa da Latin mai suna Metamorphoses, littafi 15, wadda ta tattara labarai kusan 250 na rikiɗa daga wata halitta zuwa wata. Labarin Ikarus yana cikin littafi na 8, kuma tsawonsa bai wuce baiti 50 da 'yan kai ba. Gajartarsa ce ta sa ya dace da aji. Ana iya karanta shi gaba ɗaya cikin minti kaɗan, a koma a bi shi baiti-baiti.

Obid ya fara da tunanin uban. Dedalus ya gaji da zaman baƙunta, yana begen gida, teku kuma ta kewaye shi. Sai ya ce a ransa, Minos ya mallaki ƙasa da ruwa, amma bai mallaki iska ba. Wannan jimla tana da daɗi a baki, kuma ɗalibai kan so ta, domin maganar wanda aka zalunta ce yana neman mafita. Amma mawaƙin ya biyo bayanta da cewa Dedalus ya juya hankalinsa ga fasahar da ba a san ta ba, yana sauya tsarin halitta. To wa ya fara tsallake iyaka ke nan? Mutum na tafiya a ƙasa, tsuntsu a sama. Wanda ya fara cewa wannan rabo bai shafe shi ba dattijo ne mai hankali, kuma ya yanke shawarar ne shi kaɗai. Babu inda aka ce ya tambayi yaron.

Daga nan sai mawaƙin ya rage gudu sosai. Ya nuna mana yadda ake jera gashin tsuntsaye daga ƙarami zuwa babba, yadda ake ɗaure tsakiyarsu da zare, a manne gindinsu da kakin zuma, a ɗan lanƙwasa su don su yi kama da fiffiken gaske. A gefe kuma ga Ikarus yana tsaye fuska a sake. Iska ta ɗauki gashi, ya bi shi ya cafke. Ya sa babban yatsa yana murza kakin yana laushi. Wasansa yana hana uban aiki. Obid ya ce yaron bai san halakarsa yake taɓawa ba.

Wannan wuri shi ne zuciyar labarin a ganina, kuma shi ne wanda masu taƙaitawa suka fi zubarwa. Abu biyu yake yi. Na farko, yana gaya mana shekarun Ikarus ba tare da ambaton lamba ba. Wanda ke bin gashin tsuntsu a tsakar gida ƙaramin yaro ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin yaro ya zo wurin da babba ke aiki ya san hoton. Na biyu, yana shuka abin da za a girba. Kakin da ya yi laushi a ƙarƙashin yatsan yaro shi ne zai yi laushi a ƙarƙashin rana. Mai karatu ya san abin da ke tafe, yaron bai sani ba, kuma daga wannan tazara tausayi ke fitowa. Idan ɗalibi yana neman misalin hasashen abin da zai faru a cikin labari, ga shi nan a fili. Akwai kuma tambayar da ta fi nauyi: uban yana gani da idonsa cewa ɗansa ba ya iya barin gashin tsuntsu ya wuce shi, amma ya ɗaura masa fuka-fukai ya ce ya yi tafiya a kan teku bisa ƙa'ida.

Gargaɗin da kowa ya haddace shi ne kada ka yi sama da yawa rana ta ƙone ka. Amma rabinsa ke nan. Dedalus ya ce kada ka yi ƙasa da yawa, ruwa zai jiƙa gashin ya yi nauyi, kada ka yi sama da yawa, zafi zai lalata shi, ka bi tsakiya, ka biyo ni. Girkawa suna girmama tsaka-tsaki ƙwarai. A wurin ibadarsu na Delfi an rubuta cewa kada a wuce ƙima a komai, kuma masanin falsafarsu Aristotal ya gina koyarwarsa ta ɗabi'a a kan cewa hali nagari yana tsakanin wuce gona da iri da gazawa: jaruntaka tana tsakanin ganganci da ragwanci. Don haka wanda ya ce darasin shi ne “kada ka yi buri” ya yar da rabin maganar. Da Ikarus matsoraci ne ya manne da ruwa, da tekun nan dai ita za ta ci shi.

Yayin da yake ɗaura wa yaron fuka-fukan, kumatun dattijon sun jiƙe da hawaye, hannuwansa na rawa, ya sumbace shi sumbar da ba zai sake yi ba. Mutumin da hannunsa ya gina gidan ɓata, yau hannun na karkarwa. Me wannan ke nufi? Ya san haɗarin, ya kuma ci gaba. Ana iya kare shi, a ce zaman ɗauri ma mutuwa ce a tsaye, kuma uba ba zai gudu ya bar ɗansa a hannun sarkin da ke fushi ba. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ɗalibin da ya tsaya a kanta bai yi kuskure ba. Sai dai mawaƙin da kansa ya kira abin da uban ke koya wa yaron fasaha mai cutarwa, a daidai wurin da ya kwatanta shi da tsuntsuwar da ke fito da ɗanta daga sheƙa karo na farko. Ƙauna da cuta suna zaune cikin baiti guda, kuma Obid bai raba mana su ba.

Suna cikin tafiya, mai kamun kifi da makiyayi da manomi suka ɗaga kai suka gan su, suka zaci alloli ne. Suka wuce tsibiran Delos da Paros, Samos tana hagunsu. A nan yaron ya fara jin daɗin tashin, ya bar jagoransa, sha'awar sararin sama ta ja shi. Ku duba kalmomin da aka zaɓa masa. Ba a ce ya raina ubansa ba, ba a ce ya yi alfahari ko ya ƙalubalanci wani allah ba. Daɗi ya ji. A littafi na 2 na waƙar akwai wani saurayi, Fayiton, wanda ya matsa wa ubansa, allahn rana, sai ya ba shi keken dokinsa ya tuƙa. Uban ya roƙe shi ya janye, ya ƙi, shi ma aka ce masa ya bi tsakiya, ya kasa riƙe dawakan, ya kusa ƙone duniya, aka harbo shi da tsawa. Fayiton shi ya nema, ya nace, kuma ɓarnarsa ta shafi kowa. Ikarus bai nemi komai ba, ba wanda ya cuta sai kansa, kuma babu allahn da ya hukunta shi. Kaki ne kawai ya narke. Ɗalibin da ya jera labaran biyu gefe da gefe zai ga cewa zargin girman kai ya fi dacewa da Fayiton nesa ba kusa ba.

A kowane aji akan sami wanda zai ɗaga hannu ya ce, ai malam, in aka yi sama sanyi ake ji. Gaskiyarsa. Iska tana yin sanyi da kusan digiri 6 da rabi a kowace kilomita da aka hau, rana tana nesa da mu da kusan kilomita miliyan 150, kakin zuma kuma sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa. A yaba masa, sannan a nuna masa cewa labarin yana tafiya ne bisa duniyar da masu shi suka hango, inda rana keken wuta ce da ke ratsa sama kowace safiya.

Faɗuwar kanta gajeriya ce. Yaron yana kaɗa hannuwa tsirara, iska ba ta riƙe shi, bakinsa na kiran ubansa ruwa ya rufe shi. Sai mawaƙin ya koma kan dattijon, ya kira shi uban da ba uba ba kuma. Yana kiran sunan ɗansa, yana tambayar ina yake, har ya hango gashin tsuntsaye a kan ruwa. Abin da ya yi daga nan shi ne hujja mafi ƙarfi ga mai cewa labarin na uban ne: ya tsine wa fasaharsa. Da darasin rashin biyayya ne ake son kafawa, nan ne wurin da za a sa wa uban magana a baki, ya ce ai na gaya masa. Bai faɗa ba. Ya binne gawar, tsibirin ya ɗauki sunan yaron.

Yawancin littattafan yara a nan suke tsayawa. Obid bai tsaya ba, kuma abin da ya ƙara ya sauya launin duk abin da ya gabata. Dedalus yana binne ɗansa, sai ga wata tsuntsuwa irin makwarwa tana kallonsa, tana kaɗa fuka-fukai tana kukan murna. Sai a lokacin aka gaya mana ko wace ce. Tun a Atens, 'yar'uwar Dedalus ta kawo masa ɗanta Perdiks, mai shekara 12, don ya koyi sana'a wurin kawunsa. Yaron ya fito da kaifin basira. Ya kalli ƙayar bayan kifi ya yanka haƙora a jikin ƙarfe, ya ƙago zarto. Ya haɗa ƙarafa biyu a kai ɗaya, ɗaya na tsaye ɗaya na zagayawa, ya ƙago abin zana da'ira. Hassada ta kama kawun. Ya turo shi daga saman dutsen da ɗakin ibadar Atina yake, ya ce zamewa ya yi. Atina, allahiyar hikima da sana'a, ta tare yaron yana cikin faɗowa ta rufe shi da gashi ya zama tsuntsu. Shi ya sa, in ji labarin, wannan tsuntsuwa ba ta tashi sama sosai, ba ta sheƙa a kan bishiya, a cikin shinge take ƙwai, don tana tuna faɗuwarta.

Yanzu a jera su. Yara biyu, dukansu amana a hannun mutum ɗaya, dukansu sun faɗo daga sama. Na farko ya sami gashi a tsakiyar iska ya tsira, na biyu ya rasa gashi a tsakiyar iska ya mutu. A kan na farko Dedalus ya yi ƙarya ya ce hatsari ne, a kan na biyu hatsarin ya zo da gaske. Bahaushe ya ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma da wuya a sami labarin da ya fi wannan nuna shi. Amma abin da ya kamata mai nazari ya riƙe shi ne tsarin da aka bi. Kisan Perdiks ya faru shekaru kafin tashin, shi ne ma dalilin da ya raba Dedalus da Atens. Da Obid ya bi jerin lokaci, da da shi zai fara, mu kuma da mun shiga labarin muna kallon uban a matsayin mai kisan kai, duk abin da ya same shi mu ce Allah ya ƙara. Sai ya bari muka tausaya masa tukuna, muka tsaya tare da shi a bakin kabari, sannan ya buɗe mana littafin laifinsa. Mai karatu ya rasa inda zai sa tausayinsa, ga shi ya riga ya bayar.

Akwai kuma abin da tsarin bai warware ba. In mutuwar Ikarus sakayya ce ga Dedalus, me yaron ya yi? Ya biya bashin da bai ci ba. Ɗalibin da ya ji wannan ya dame shi kada ya ɗauka ya kasa gane labarin, domin labaran Girkawa cike suke da 'ya'yan da laifin iyaye ya faɗa wa, kuma masu ba da su ba su yi alkawarin cewa duniya tana rabo da adalci ba. Maƙala mai kyau tana iya tashi daga nan. A faɗi matsayi a jimla ɗaya, misali cewa Obid ya ɗora nauyin mutuwar a kan uban, sannan a kawo shaida daga rubutun: wasan kaki, hannun da ke rawa, tsinuwar fasaha, tsuntsuwar. A kuma kawo abin da ke gāba da matsayin, cewa an yi gargaɗi a sarari kuma yaron ya bar jagoransa, a amsa shi. Wanda ya ɗauki ɗaya ɓangaren ma haka zai yi.

Ba Obid kaɗai ya ba da labarin ba, kuma babu siffa guda da za a ce ita ce ta asali. Pausaniyas, wani Bagirke matafiyi na ƙarni na 2 miladiyya, ya kawo ruwayar da babu tashi sama a ciki sam. A wurinsa ƙananan jiragen ruwa Dedalus ya yi, ya ƙago ƙyallen da iska ke turawa, suka tsere wa jiragen Minos masu tuƙi da hannu, sai jirgin Ikarus ya kife don bai iya sarrafa shi ba. Ruwayar ta fi shiga hankali, amma kusan ba wanda ke tuna ta. Shi kansa Obid, wajen shekara ta 8 miladiyya da yake kammala waƙar, Sarki Agustus ya kore shi daga Roma zuwa Tomis a bakin Bahar Aswad, garin da ke cikin Romaniya a yau, kuma a can ya mutu yana roƙon a mayar da shi gida.

Wani zane da ke gidan adana kayan fasaha a Brussels ta ƙasar Beljiyam, wanda ake dangantawa da mai zane Pieter Bruegel na ƙarni na 16, ya ɗauki mutanen nan uku na Obid ya juya su. Manomi yana huɗa, mai kamun kifi ya duƙufa kan ruwa, makiyayi yana kallon wani gefe, jirgi yana wucewa, sai ka nema kafin ka ga ƙafafu biyu suna nutsewa a kusurwa. A waƙar mutane sun ga tashin sun yi mamaki, a zanen ba wanda ya kula da faɗuwar. Darasi guda ana iya yin sa a kan wannan bambanci kaɗai.

Dedalus kuwa ya isa tsibirin Sisili, wurin Sarki Kokalus. Wata tsohuwar ruwaya ta ce Minos ya bi sawunsa gari-gari da kwanson dodon koɗi, yana alkawarin lada ga duk wanda ya zura zare ta cikin murɗinsa, domin ya san mutum ɗaya ne zai iya. Dedalus yana ɓoye, ya san ana nemansa, ya riga ya binne ɗa ya tsine wa fasaharsa, amma da aka kawo masa kwanson sai ya huda ƙarshensa, ya ɗaura wa tururuwa zare ta ratsa ta fito. Da haka Minos ya gane inda yake. 'Ya'yan Kokalus mata ne suka cece shi, suka kashe Minos da tafasasshen ruwa a wurin wanka. Ɗalibin da ke son sanin ko mutuwar Ikarus ta sauya halin ubansa, wannan ruwaya ita ce shaidar da zai fara dubawa.